Yadda jiki ke rabon jini idan iskar oksijin ta yi ƙaranci

A ranar 15 ga Afrilu, 1875, wasu Faransawa uku suka tashi daga birnin Paris cikin wani katafaren balan-balan mai suna Zenith domin yin gwaje-gwaje a sararin sama. Sun tafi da jakunkunan iska mai yawan oksijin saboda ko-ta-kwana. Da suka kai kusan mita 8,000, dukkansu suka suma. Gaston Tissandier ne kaɗai ya sauko da rai. Abokan tafiyarsa biyu, Joseph Crocé-Spinelli da Théodore Sivel, sun mutu a can sama, jakunkunan iskar na rataye kusa da su. Tissandier ya bayyana daga baya cewa ya yi nufin kama bututun iskar amma hannunsa ya ƙi ɗaguwa, kuma a duk tsawon lokacin bai ji wata azaba ko tsoro ba.

Bayan shekara uku, a 1878, masanin da ya ba su shawarar tafiya da iskar, Paul Bert, ya fitar da sakamakon bincikensa. Ya nuna cewa kason oksijin a cikin iska ba ya canjawa, kashi 21 cikin ɗari ne a bakin teku da kan dutse. Abin da ke raguwa shi ne matsin iskar, wato ƙarfin da ke tura oksijin daga huhu zuwa cikin jini. A nisan mita 5,500, matsin ya ragu da kusan rabi.

Ba sai an hau balan-balan ake shiga wannan hali ba. Mai nimoniya, da mai sikila, da macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, da magidancin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, da iyalin da suka kwana da janareta a baranda, duk matsalarsu ɗaya ce: oksijin ɗin da ke isa ga sassan jiki ya gaza. Jiki na da tsarin tunkarar wannan, kuma tsarin na aiki da kyau har ya kan ɓoye wa mai jikin girman haɗarin da yake ciki.

Jiki ba shi da rumbun oksijin

Mutum na iya ajiye kitse na makonni, amma ba shi da wurin ajiye oksijin. A lokacin hutu, zuciyar baligi na harba kusan lita biyar na jini a minti guda. Kowace lita na ɗauke da oksijin kimanin mililita 200, kusan dukkansa a manne da hemogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Jumla, ana aika wa sassan jiki kusan lita ɗaya ta oksijin a minti, su kuma su yi amfani da kashi ɗaya cikin huɗu. Ragowar da ke komawa ita ce ɗan rarar da ake da ita, kuma ba ta wuce 'yan mintoci.

Buƙatar sassan ma ba ɗaya ba ce. Ƙwaƙwalwa ba ta fi kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin. Idan jini ya daina isa gare ta, mutum zai suma cikin kusan daƙiƙa goma, kuma bayan minti huɗu zuwa shida lalacewar da ba ta gyaruwa kan fara. Tsokar zuciya kuwa, ko a lokacin hutu tana zuƙe kusan kashi uku cikin huɗu na oksijin ɗin jinin da ke ratsa ta. Ba ta da rara. Idan tana son ƙari, dole a ƙara mata yawan jinin da ke zuwa.

Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar da kuɗin da aka sakar mata bai kai abin da ke cikin kasafi ba ya san abin da ke biyo baya: a biya abin da ba ya jira, a jingine sauran. Haka jiki yake yi. Ƙwaƙwalwa da zuciya ne a sahun gaba. Fata da hanji da ƙoda da tsokar da ba ta aiki su ne ake zaftare wa.

Mai gadin da ke wuya

A kowane gefen wuya, inda babbar jijiyar da ke kai jini ka ta rabu biyu, akwai wani ɗan ƙullutu wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba. Likitoci na kiransa ƙullutun karotid. Aikinsa ɗanɗana jinin da ke wucewa. Da zarar matsin oksijin ya sauka, sai ya aika saƙo ta jijiya zuwa gindin ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Corneille Heymans, shi ya tabbatar da wannan aiki, aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1938.

Saƙon na haifar da abubuwa uku kusan a lokaci guda. Numfashi ya ƙara sauri da zurfi. Bugun zuciya ya ƙaru domin jinin da ake da shi ya riƙa zagayawa da sauri. Sannan ƙananan jijiyoyin jini na fata da hanji da ƙoda su tsuke, jinin da aka hana su ya karkata zuwa sama. Wannan ne dalilin da ya sa marar lafiyar da ke cikin mawuyacin hali tafin hannunsa ke yin sanyi da fari, fitsarinsa ya ragu, abinci ya fita daga ransa. Ma'aikatan jinya kan danna farcen marar lafiya su saki, su duba yadda launin ke dawowa. Idan ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku, alama ce ta cewa an fara janye jini daga gefe.

Umarnin tsukewa daga sama yake zuwa, amma kowane sashe na da bakin magana. Ƙwayoyin halittar da suka ji yunwar oksijin kan saki wasu sinadarai, irin su adenosin, su kuma bangon jijiyoyin su saki iskar naitirik oksaid. Waɗannan kan sa tsokar da ta naɗe jijiyar ta saki, hanyar ta buɗe. A ƙwaƙwalwa da zuciya, wannan kira na cikin gida ya fi umarnin tsukewa ƙarfi, don haka jijiyoyinsu buɗewa suke yi a daidai lokacin da na hanji ke rufewa. Gano rawar da naitirik oksaid ke takawa ya jawo wa Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad lambar Nobel a 1998.

Shi ma hemogulobin yana taimakawa. Christian Bohr na ƙasar Denmak ya nuna a 1904 cewa inda iskar karbon dayoksaid ta taru, wato inda ake aiki tuƙuru, hemogulobin ya fi saurin sakin oksijin ɗin da ya riƙe. Kaya na sauka ne a inda aka fi buƙatarsu.

Za a fi ganin tsarin ƙarara a jikin mai nutso. Idan mutum ya riƙe numfashi ya tsoma fuska cikin ruwan sanyi, bugun zuciyarsa kan ragu, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke, saifa ta matse ta zuba jajayen ƙwayoyin da ta ajiye. Wani bincike da aka buga a 2018 ya gano cewa al'ummar Bajau ta ƙasar Indonesiya, waɗanda suka gaji kamun kifi ta hanyar nutso, saifarsu ta fi ta maƙwabtansu manoma girma da kusan rabi.

Huhu na yin akasin haka

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na zuciya buɗewa suke yi idan oksijin ya ragu. Na huhu tsukewa suke yi. Masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Ulf von Euler da Göran Liljestrand, su suka bayyana wannan a 1946 bayan gwaji a kan kyanwoyi.

Hikimar a bayyane take. Huhu ba cin oksijin ne aikinsa ba, ɗora shi a kan jini ne. Idan majina ta toshe wani yanki, kamar yadda ake samu a nimoniya, aika jini wurin asara ce, domin zai fita kamar yadda ya shiga. Sai jijiyoyin yankin su tsuke, jinin ya koma inda iska ke shiga.

Dabarar na da amfani muddin toshewar a yanki guda take. Idan huhun gaba ɗaya ne ke ƙarancin iska, kamar a kan dutse mai tsawo ko ga mai daɗaɗɗen ciwon huhu, sai dukkan jijiyoyin su tsuke tare. Matsin jini a huhu ya hau, ɓangaren dama na zuciya, wanda bangonsa ba shi da kauri, ya shiga tura jini ta ƙuntatacciyar hanya. Ga mai hawan dutse da gaggawa, yawanci sama da mita 2,500, ruwa na iya tsattsafowa ya cika huhu cikin 'yan kwanaki, kuma babban maganinsa shi ne a sauko da shi. Ga wanda hayaƙin taba ko na itacen girki ya lalata wa huhu, abin kan ɗauki shekaru: zuciyar dama ta gaji, ƙafafu su kumbura, ciki ya tara ruwa.

Ƙoda da ɓargo: shirin dogon zango

Saurin numfashi da bugun zuciya matakan gaggawa ne, jiki ba zai ɗore a kansu ba. Idan ƙarancin ya ci gaba, sai a koma ga ƙara yawan masu dako. A 1890, wani likita Bafaranshe, François-Gilbert Viault, ya ƙirga jajayen ƙwayoyin jininsa kafin ya hau tsaunukan ƙasar Peru, ya sake ƙirgawa bayan makonni a wani garin haƙar ma'adinai da ke sama da mita 4,000. Ya tarar sun ƙaru ƙwarai.

Ƙoda ce ke ba da wannan umarni. Idan oksijin ɗin da ke isa gare ta ya ragu, sai ta saki sinadarin da ake kira EPO, wanda ke sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyi. Sinadarin kan hau cikin sa'o'i, amma sai an yi makonni kafin jinin ya ƙaru sosai. Wannan ne ya sa masu ciwon ƙoda mai tsanani ke fama da ƙarancin jini, har a riƙa yi musu allurar EPO.

Yadda ƙwayar halitta ke gane cewa oksijin ya ragu ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A farkon shekarun 1990, Gregg Semenza ya gano wani furotin da ya sa wa suna HIF. Daga baya binciken Peter Ratcliffe da William Kaelin ya cike giɓin. Ƙwayoyin jiki na ƙera wannan furotin a kullum, amma muddin akwai oksijin, ana yi masa alama a lalata shi nan take. Da oksijin ya ragu, lalatawar ta tsaya, furotin ɗin ya taru, ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado: masu sa a ƙera EPO, da masu sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, da masu koya wa ƙwayar samar da ƙarfi da ɗan oksijin. Su ukun sun karɓi lambar Nobel a 2019.

A nan ma akwai iyaka. Jinin da jajayen ƙwayoyi suka yi wa yawa kauri yake yi, ya yi wuyar turawa, ya riƙa daskarewa. A shekarun 1920, likita Carlos Monge na Peru ya bayyana wannan cuta a tsakanin mazauna tsaunukan Andes, kuma da sunansa ake kiranta har yau. Mutanen Tibet, waɗanda suka shafe dubban shekaru a sama da mita 3,500, sun bi wata hanyar dabam. Binciken da aka buga a 2010 ya nuna suna ɗauke da wani nau'i na ƙwayar gado mai suna EPAS1 da ke hana jininsu yin kauri sosai. Sun fi dogara da yawan numfashi da buɗaɗɗun jijiyoyi.

Inda mai gadin ke makancewa

Hausawa na cewa jiki magayi. A wannan fage, ba kullum yake faɗa ba. Ƙuncin da mutum ke ji idan ya riƙe numfashi yawanci daga taruwar karbon dayoksaid yake, ba daga raguwar oksijin ba. Muddin ana fitar da karbon dayoksaid, oksijin na iya sauka ƙwarai mutum bai ji ya shaƙe ba. Tunani ne ke fara dushewa, kuma ƙwaƙwalwar da ya kamata ta gane haɗarin ita ce abin ya shafa.

Shi ya sa ma'aikatan jirgin sama ke nanata cewa fasinja ya fara sanya takunkumin iskarsa kafin ya taimaki yaro. A nisan da jiragen fasinja ke tafiya, mita 10,000 zuwa 11,000, wanda ya rasa matsin iska ba ya kai minti guda cikin hayyacinsa. A watan Agustan 2005, jirgin kamfanin Helios da ya taso daga tsibirin Saifurus ya ci gaba da tafiya da kansa bayan matuƙansa sun suma saboda rashin matsin iska, har mai ya ƙare ya faɗi kusa da birnin Atens na ƙasar Girka. Mutum 121 suka mutu.

Haɗarin da ya fi kusa da gidajen Najeriya shi ne hayaƙin janareta da na gawayi. Iskar karbon monoksaid da ke cikinsa ba ta da launi ko wari, kuma tana manne wa hemogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye. Shi kuwa ƙullutun karotid matsin oksijin ɗin da ya narke a ruwan jini yake aunawa, ba yawan wanda hemogulobin ya ɗauko ba. Matsin na nan daidai, don haka ba ya yin kururuwa, alhali masu dakon sun cika da guba. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ne alamun farko, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Janareta a baranda, ko a kicin, ko kusa da taga, da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, duk hanyarsu ɗaya ce.

Ita ma 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa, wato oksimita, wadda injiniya Takuo Aoyagi na Japan ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, tana da nata rauni. Ga mai lafiya takan nuna 95 zuwa 100, kuma ƙasa da 90 na nufin a nemi asibiti da gaggawa. Amma irin wadda aka saba gani ba ta bambance oksijin da karbon monoksaid. Idan yatsa ya yi sanyi saboda jiki ya janye jini, lissafinta kan rikice. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka buga a Disamban 2020 ya gano cewa a cikin marasa lafiyar da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na baƙaƙen fata ainihin oksijin ɗinsu na ƙasa da 88, yayin da a farar fata adadin bai kai kashi 4 ba. Marar lafiyar da ke haki ko ya rikice, lamba mai kyau a na'ura ba dalilin zama a gida ba ce.

Sikila da minshari

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma an ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a kowace shekara. Hemogulobin ɗin mai sikila, da zarar ya sauke oksijin, sai ya sanƙare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Toshewar ta ƙara rage oksijin, ƙarancin ya lanƙwasa wasu ƙwayoyin. Duk abin da ke tsuke jijiyoyi ko rage gudun jini, kamar sanyin hunturu da ƙishirwa da zazzaɓi, na iya tayar da ciwon. Idan ya kai ga huhu, tsukewar jijiyoyin huhu na ƙara dagula lamarin, shi ya sa ciwon ƙirji da zazzaɓi ga mai sikila ba abin jira zuwa safiya ba ne.

Minshari mai ƙarfi da ke katsewa, a yi shiru, sannan mutum ya zabura da jan numfashi, shi ma alama ce. Maƙogwaro ne ke rufewa na daƙiƙa goma ko fiye, kuma ga wanda abin ya yi wa tsanani, sau 30 ko sama da haka a awa guda. Kowane karo oksijin ya sauka, ƙullutun karotid ya tayar da jiki, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. Bayan shekaru, hawan ya zauna har da rana. Wanda hawan jininsa ya ƙi jin magunguna uku, yana gyangyaɗi a taro ko a kan sitiyari, kuma iyalinsa na ƙorafin minsharinsa, ya dace ya gaya wa likita dukkan ukun tare. Rage ƙiba da na'urar da ke hura iska ta hanci lokacin barci na magance matsalar ga mutane da dama.

Ga masu yawan tafiya

Abuja ba ta da tudu sosai, Jos na kusan mita 1,200, tsaunin Mambila kuma kusan 1,600, kuma mai lafiya ba ya jin wani bambanci mai yawa a waɗannan wurare. Addis Ababa, mazaunin Tarayyar Afirka, ta haura mita 2,300. Wanda ya sauka can daga Abuja ya ji zuciyarsa na bugawa da sauri, yana haki a matakala, barci ya ƙi daɗi a daren farko, matakan gaggawar jikinsa ne ke aiki, kuma sukan lafa cikin 'yan kwanaki. Cikin jirgin da ya kai shi ma ana daidaita matsin iska ne kamar na tudun da zai iya kaiwa mita 2,400.

Ga mai sikila, ko mai ciwon zuciya, ko mai daɗaɗɗen ciwon huhu, ko wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, wannan ɗan ragi na iya cinye rarar da ta saura. Irin waɗannan su ne ya kamata su ga likita kafin a yanki tikiti, domin ana iya shirya musu oksijin a jirgi ko a ɗage tafiyar. Hadimin da ke tsara tafiyar maigidansa ya san lokacin tashi da masauki. Ya kamata ya san tsawon garin da za a je daga bakin teku, ya kuma bar ranar farko ba tare da cunkoson taro ba.